Cizon Yaya a Harshen Fim

Mai Gilashi ne ya kawo zancen, kuma duk wanda ya zauna da Mai Gilashi ya san ba a haɗiye maganarsa sai an tauna. Shi ne mai gyaran kyamara a layin masu hoto, mutum ne da in ya ji ƙishin-ƙishin da safe, kafin rana ta take ya ɗinka wa labarin riga da wando. Ya faɗo shagon Baffa da hantsi, ko sallamar kirki bai yi ba, yana ɗaga waya sama.

"Zai dawo! Wallahi tallahi zai dawo!"

Dogo yana zaune a bencin bakin ƙofa ya miƙe ƙafafu. Tsohon mai ɗaukar hoton biki ne, ya yi ta durƙuso a gaban mutane har gwiwoyinsa suka ƙi shi. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Wa zai dawo? Hankalinka?"

"Mai jan gwangwani!"

Nan fa Dogo ya ɗago. Mai jan gwangwani wani fim ne baƙi da fari, wanda duk tsofaffin layin nan da shi suka koyi sana'a. Kamfanin ya daina yin sa tun kafin kyamarori masu kati su cika gari. Abin da Mai Gilashi ya gani a waya bai taka kara ya karya ba: hoton wani baƙin kwali ne da jan layi a gefe, babu suna, babu rana, sai kalma ɗaya da ke nufin a saurara. Amma haba, ai masu hoto ba su buƙatar fiye da haka. Kafin a kai ga shan shayin rana shagon ya cika, kowa da nasa sanin. Wani ya ce an gano tsohon injin a wani sito. Wani ya ce ba injin ba ne, tsohon da ke haɗa sinadarin ne aka lallaso daga ritaya. Dogo ya ce duk ƙarya ne, fim mai araha za su zuba a tsohuwar riga su sayar wa yaran zamani masu son a ce sun san da.

"Baƙinsa fa?" in ji Dogo. "Wa zai sake yin wannan baƙin? Baƙi ne da in ka dube shi sai ka ga akwai abu a ciki. Na yanzu toka ne kawai."

"To ai har da maganin wankinsa za su dawo da shi," in ji Mai Gilashi. "Nasa na asali. Haka ake ta faɗa."

Baffa yana bayan kanta yana goge gilashin wani firam. Bai sa baki ba tun da aka fara, amma da wannan magana ta fito hannunsa ya tsaya cik. Babu wanda ya lura sai Dogo, wanda ya dube shi ta wutsiyar ido ya kau da kai.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya tsayar da hannun nan. Shagon na mutum biyu ne tun asali, Baffa da yayansa. Yaya ne mai ɗauka, Baffa mai wankewa. Yaya yana waje da jama'a, surutu, tsokana, sa amare dariya. Baffa yana ɗakin duhu da ke ƙurya, shi da jan ƙwan lantarki da warin magani. Rabin garin nan Yaya ya ɗauka, daga jarirai har tsofaffin da ake riƙe wa kafaɗa. Amma ku ji abin haushi: shi kansa ba shi da hoto ko ɗaya. Mai ɗauka kullum yana bayan kyamara, kullum cewa yake gobe. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne inuwarsa da ta faɗo a ƙasan hotunan mutane idan rana tana bayansa, sai kuma wani hoto da madubi ya kamo shi, kyamarar ta rufe masa fuska gaba ɗaya.

Wata rana katin shaidarsa ya ɓace, aka ce ya kawo hoto a yi masa sabo. Ya zauna a kujerar shago, ya ce, "Ƙane, fito daga kogon nan ka ɗauke ni." Baffa bai saba ba. Yaya ya ɗora masa kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, a daidai ɗigon fentin da ya yi a ƙasa, don Yaya mutum ne da ya yi wa ƙafafun kujera alama, ya yi wa ƙafafun sandar alama, ba ya son a gusa ko da yatsa ɗaya. Hoto ɗaya ake so, amma Yaya ya ƙi daina dariya. Da Baffa ya ce ya nutsu sai ya ƙara ƙyalƙyalewa, wushiryarsa a waje. Haka suka yi ta yi har fim ɗin ya ƙare.

Yaya yana da wata ɗabi'a tasa. Sauran masu hoto in sun gama fim sukan naɗe shi duka ya shige gwangwani, don kowa ya san wanda harshensa, wato ɗan bakin ledar, ke waje sabo ne, ba a taɓa shi ba. Yaya kuwa yakan bar harshen a waje don ƙanensa ya ji sauƙin jawowa a cikin duhu, sai ya lanƙwasa bakin ya gartsa masa cizo. Cizon nan shi ne saƙonsu: an ɗauka, a wanke. Ranar ma haka ya yi, ya cilla wa Baffa gwangwanin ya ce, "Gobe ka wanke, in na yi muni kai ne." Washegari ya tafi aiki wani gari, motar ba ta kai ba. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin.

Baffa bai wanke ba. Da farko baƙin ciki ne ya hana shi. Daga baya tsoro ya karɓa: shi ba maɗauki ba ne, in fa ya yi kuskuren haske? In fa ya buɗe tankin wanki ya tarar da fim fari fes? Muddin ba a wanke ba, Yaya yana ciki yana dariya. Da kamfanin ya daina yin fim ɗin da maganinsa, sai Baffa ya samu abin faɗa wa kansa, cewa wani magani dabam zai ɓata shi. Ya sa gwangwanin a wani tsohon gwangwanin madara, ya tura can ƙarshen firjin shago, bayan robobin ruwa. Dogo kaɗai ya sani.

Yarinyar da aka haifa bayan rasuwar ita ce Tilo, don ita kaɗai Yaya ya bari. A shagon ta tashi, yanzu kuwa ita ce shagon, ita ke ɗauka, ita ke fita aiki, Baffa sai zaman kanta da faɗan a kashe fanka. Tun tana ƙarama take tambaya, "Baffa, yaya fuskar babana take?" Shi kuma ya ce dogo ne, mai fara'a, mai wushirya. "Babu hotonsa ko ɗaya?" Ya ce babu. A ransa yana cewa ba ƙarya ya yi ba, ai hoton da ba a wanke ba bai zama hoto ba tukuna. Niyyarsa sai ranar da ya wanke ya ga ya fito, sannan ya ɗora mata a hannu. Ba zai yi mata alkawarin uba ya miƙa mata farin leda ba.

Abin da bai faɗa wa ko Dogo ba shi ne fuskar ta fara guje masa. Muryar tana nan, tarin nan na Yaya kafin ya yi magana yana nan, har warin man da yake shafawa a gashi. Amma in ya rufe ido ya kira fuskar, sai ta zo da kyamara a gabanta. A mafarki ma haka. Yaya zai tsaya a bakin labule, Baffa ya ce, "Sauke mana in gan ka," shi kuma ya yi ta murɗa zoben gilashin yana neman saiti. Wani lokaci da rana tsaka, shago babu kowa, firji ya yi gurnaninsa ya yi shiru, sai Baffa ya ji ƙyas daga wajen kujerar, ƙarar ɗauka sak. Ya san ƙarfen rufi ne ke amsa zafin rana. Sanin bai taɓa hana gabansa faɗuwa ba.

Makonni suka yi ta tafiya, kamfanin bai ƙara cewa uffan ba, layin masu hoto kuwa bai huta ba. Aka raba gari biyu, 'yan asali ne da 'yan jabu ne. Mai Gilashi ya hura hoton kwalin nan a waya har ya farfashe, wai yana karanta wani rubutu a gefe. Yau a ce kafin ƙarshen shekara, gobe a ce an fasa, jibi a ce wani ya ga samfuri a hannun wani da ya san wani. Dogo ya rantse ko makaho aka mai da shi zai bambance tsohon da sabon da wari kawai. Tilo takan tsaya tana jin su tana dariya. Ita ma ta shiga harkar fim a 'yan shekarun nan, tun da matasa suka fara zuwa suna neman baƙi da fari na gaske. Ta share ɗakin duhu, ta sa Baffa ya koya mata wanki, ta sauko da kyamarar babanta daga ƙusa Mai Gilashi ya zuba mata mai.

Wata rana da shago ya yi sauƙi, Dogo ya ja bencinsa kusa da kanta ya rage murya.

"Uzurinka ya kusa ƙarewa, malam."

"Wane uzuri?"

"Kar ka mai da ni yaro. In maganin ya zo, sai kuma me? Ka ce ruwan famfo ya canza?"

"Sai mun ga ko na asali ne."

"Ni da kai mun sani, kowane magani zai wanke fim ɗin nan. Kuma hoto ba ya zama a fim har abada, dusashewa yake a hankali ko a firji ne. Kana nan kana gadinsa yana tafiya." Dogo ya shafa gwiwa. "Yarinyar nan ta kai shekarun da ya rasu, ka lura?"

Baffa ya lura mana. Ya ce wa Dogo ya tashi masa daga gaban kanta yana tare wa masu shigowa hanya, alhali babu mai shigowa. Gaskiyar magana ita ce tun ranar da Mai Gilashi ya kawo labarin nan Baffa yake addu'a iri biyu. Da safe ya roƙi Allah fim ɗin ya fito, da yamma ya roƙa a fasa.

Ranar da abin ya faru, safiya ce mai haske. Baffa ya zo a makare, ya sha farar riga da farar hula, don daga gaisuwar wani maƙwabci yake. Ya tarar da Tilo ta buɗe tagogi duka, kyamarar Yaya a wuyanta, fuskarta cike da shirin tsiya.

"Baffa, yau kai ne kwastoma. Zauna."

"Ke, raba ni. Me za a yi da hoton tsoho?"

"A rataye a ƙofa ya kori ɓeraye. Zauna don Allah. Kai ma fa ba ka da hoto, ka sani? Gidanmu gidan masu hoto, amma in aka ce mu nuna fuska sai mu nuna inuwa."

Wannan ta taɓa shi, ya zauna. Ya tambaye ta wane fim ne a ciki, ta ce wani ne take gwadawa, in an wanke zai ga abin mamaki, har su Dogo sai sun yi shiru. Ya ɗauka irin na yaran zamani ne da take oda. Tilo ba ta ɗaukar hoto a tsaye wuri ɗaya. Ta zagaya shi, ta durƙusa, ta matso har yana jin numfashinta, ta ɗauki hannuwansa a kan farar rigar, ta ɗauki hular, ta ɗauke shi a jikin taga rana tana zuba a kafaɗarsa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kowace ƙara sai ya ji ta a ƙirji, don bai taɓa jin kyamarar nan daga kan kujerar nan ba. A nan Yaya ya zauna, abin da Yaya ya gani ke nan.

Da ta ce saura kaɗan fim ya ƙare, sai ya miƙe ya miƙa hannu.

"Kawo. Zauna ke ma."

"Baffa, kai da ka ce ba ka ɗauka?"

"Ba za ki zama ubanki ba. Zauna na ce."

Shi hanya ɗaya ya sani, wadda aka koya masa sau ɗaya. Ya rufe tagogi, ya sauke baƙin labule, ya kunna fitila. Ya jawo sanda mai ƙafa uku ya dasa a kan ɗigon fentin da har yau yake ƙasa, ya gyara kujerar a kan nata alamun. Tilo ta zauna, mayafinta baƙi, ta haɗe fuska ta tsuke baki, don irin masu ɗaukar nan ce da in aka juyo da kyamara kansu sai su zama gunki. Ya ce ta saki fuska, ta ce haka Allah ya yi ta. Ya danna, ya murɗa, ya danna, har mariƙin murɗa fim ɗin ya ƙi tafiya.

Ya fara naɗe fim ɗin baya, kunnensa a jikin kyamarar. Da ya ji ɗan ƙaran sakin nan ya tsaya, don harshen ya rage a waje. Ba tunani ya yi ba, hannu ne ya tuna abin da ido ya gani shekara da shekaru. Yana kallon Tilo yana mata tsiyar ta yi fuskar shanu, ya buɗe bayan kyamarar, ya zaro gwangwanin, ya kai harshen bakinsa zai ciza.

Haƙoransa suka faɗa cikin wasu ramuka da suke nan tun da.

Ya sauke hannu a hankali ya duba. Jan gwangwani ne, fentin ya koɗe, tsatsa ta ci gefe. A bakin harshen ga lanƙwasa, ga sawun haƙora, ga ɗan filin nan a tsakiya inda wushirya ba ta taɓa ba.

"A ina kika samo wannan?" Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"A firji, cikin gwangwanin madara. Ina share wuri ne saboda in sabon ya zo." Tana murmushi har yanzu. "Na ga harshensa a waje, na ce ashe akwai saura ɗaya da ba a taɓa ba. In mun wanke sai mu ajiye, sabon yana zuwa mu gwada su gefe da gefe, gardama ta ƙare. Bakin ya ɗan tauye, na ce ko ɓera ne ya... Baffa? Baffa, lafiya?"

Ya nemi kujera, kujerar tana ƙarƙashinta, sai ya zauna a ƙasa, a kan ɗigon fentin, da farar rigarsa. Ya faɗa mata. Bai yi dogon bayani ba, babu numfashin yi. Ya ce ba ɓera ba ne, babanki ne. Ya ce an riga an ɗauki fim ɗin nan, tun daga farko har ƙarshe babanki ne a ciki, yanzu mun ɗora wasu hotunan a kansa.

Tilo mai hoto ce, ba ta buƙatar a fassara mata. Haske in ya hau kan haske ba a raba su, kuma fari yana cinye duk abin da ya tarar. Ta dubi rigarsa, ta dubi hular, ta dubi tagogin da ta buɗe da hannunta.

"Tun ina 'yar mitsitsiya nake tambayarka," ta ce daga baya. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ka ce babu. Kullum ina buɗe firjin nan in ɗauki ruwa, ashe ubana yana bayan roba. Da ka ce mini ko da kalma ɗaya, Baffa. Ko ka ce kar ki taɓa gwangwanin can."

"Tsoro nake ji kar ya fito babu komai."

"To yanzu ni ka bari na goge shi da hannuna."

Yana son ta fiye da ransa, kuma bai taɓa jin kunyar wani mahaluki kamar yadda ya ji tata a lokacin ba. Ya dafa sandar ya tashi.

"Haɗa magani."

"Wanne? Ba ka ce sai na asali..." Ta tsaya, don bai taɓa ce mata komai ba. Ita ma ta ji zancen a bakin Mai Gilashi ne kawai.

"Wanda ke nan. Kowanne."

Suka shiga ɗakin duhu suka ja ƙofa. A waje rana ce tsaka, ana jin masu babura, a ciki kuwa ko tafin hannu ba a gani, don fim ba ya son ko jan ƙwan nan sai an rufe shi a tanki. Baffa ya laluba almakashi ya yanke harshen mai cizon, ya sa a aljihun gaba. Fim ɗin ya yi tauri da tsufa, yana naɗewa yana ƙin shiga, yatsunsa suka yi ta lallashinsa. A cikin duhun nan ya ji numfashin mutum a bayan kafaɗarsa ta hagu, inda Yaya yakan tsaya in ya shigo yi masa surutu. Tilo tana gefen dama, ya san tana can, don hannunta yana riƙe da gefen rigarsa. Bai waiwaya ba, ko ya waiwaya me zai gani.

Ya rufe tankin, ya kunna jan ƙwan. Ya zuba magani, ya juya, ya ƙwanƙwasa gindin tankin a tebur, ya jira, ya sake juyawa. Aka zubar, aka zuba maganin tsayar da hoto, aka ɗauraye. Da ya zaro fim ɗin yana ɗiga, ya ɗaga shi saitin fitila, suka haɗa kai suna bi daga sama.

Akwai hoto. Abin da ya ji tsoro shekara da shekaru bai faru ba, ashe ya ɗauka daidai. Amma duk inda ya kamata fuska ta kasance, baƙin tabo ne, don a ledar fari baƙi yake fitowa, wato farar rigarsa ce, ko hularsa, ko tagar. A wani wurin ga kafaɗar Yaya ta leƙo ta gefen hannun Baffa. A wani ga kunne ɗaya. A wani ga wuyan riga mai layi-layi da Baffa ya tuna da ita nan take, har maɓallin da ya ɓalle. Haka suka yi ta sauka, gida bayan gida, kowane gida hoto ɗaya, Yaya yana nan kuma ba ya nan, ƙanensa ya zauna a kansa ya rufe shi. Tilo ta fara kuka marar sauti, yana jin rigarsa tana motsi a hannunta.

Sai can ƙasa, wajen ƙarshe, ledar ta yi haske. Waɗannan su ne na baƙin labule da baƙin mayafi. Kyamara ɗaya ce, lanƙwasar harshen ta kama a inda ta kama a wancan karon, kujera da sanda kuma suna kan ɗigon Yaya. Gidajen sun hau kan juna daidai. A ido dai kai ɗaya ake gani a ciki, ƙarami kamar ƙwayar wake, ba a iya cewa na waye.

Ba su jira ya bushe da kansa ba, Tilo ta kunna masa fanka. Baffa ya sa gidan ƙarshe a injin buga hoto, ya saita, ya ɗora kati, ya ba shi haske, ya zame shi cikin faranti. Katin ya kwanta fari a ƙarƙashin maganin. Ya riƙa girgiza farantin a hankali.

Daga waje aka buga ƙofar shago, muryar Mai Gilashi ta ratso har ƙurya. "Baffa! Kuna ciki? Kamfanin ya sa rana! Fito ka gani, wallahi sun sa rana!" Dogo yana ce masa ya rufe wa mutane baki.

Idanu ne suka fara fitowa, guda biyu, ba huɗu ba. Sai girar, sai hanci, duk layi ɗaya, babu inda ya kauce. Mayafin Tilo ya fito a kewaye, ta cikinsa ana hango gashin namiji da wuyan riga mai layi-layi, dishi-dishi. Baffa ya sunkuya har warin maganin yana shiga masa ido. Fuskar da ya yi shekaru yana kira ta ƙi zuwa, ga ta tana tasowa daga ƙasan ruwa, kuma fuskar da yake gaisawa da ita kowace safiya ce. Ya nemi inda Yaya ya ƙare Tilo ta fara, ya rasa. Ya san kuma ba zai taɓa samu ba, fuskar Yaya ita kaɗai ta tafi ke nan.

"Ni ce wannan," in ji Tilo, muryarta a dushe. "Baffa, ni ce kawai. Ba ya ciki."

Ƙasan fuskar bai gama fitowa ba. Ya ci gaba da girgiza farantin. Kumatun suka ɗago, leɓɓan suka rabu, haƙora suka fito fari tas da ɗan filin nan a tsakiya. Hannun Tilo ya ƙanƙame rigarsa har wuyan ya shaƙe shi.

"Baffa," ta ce a hankali. "Ni ban yi dariya ba."

"Na sani," ya ce. "Na yi ta ce masa ya nutsu, ya ƙi."

Katin ya fara duhu ta gefe, in aka bar shi zai ci gaba har ya zama baƙi ƙirin. Baffa ya san haka sarai, amma hannunsa ya ƙi motsi. Tilo ce ta sa yatsu cikin maganin, ko abin ɗagowa ba ta nema ba, ta ɗago shi ta tsoma a na tsayarwa, ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwan da hannu biyu.